Ranar da Aka Raba Kwanduna

Maganar da ta cika layinmu ita ce wai mai shagon ɗinkin bakin titi ya ƙwace wa 'yata ma'aikaciyarta Doguwa. Wai ya ninka mata albashi, har da alkawarin sabon keken ɗinki. Doguwa ce mafi saurin hannu a ma'aikatar 'yata, inda ake ɗinka kayan 'yan makaranta. Ga hutu ya kusa ƙarewa, ga aiki ya taru, ga kujerarta babu kowa.

Ban yarda ba. Na san mai shagon nan. Mutumin da ke kashe fanka da zarar baƙo ya juya baya ba zai ninka wa kowa komai ba.

'Yata ma ta kasa haɗiye maganar, sai dai nata dalilin daban. Bara ta je kwas na koyon tafiyar da ma'aikata, ta dawo da zanen wata dala mai hawa-hawa: ci da sha a ƙasa, sai kwanciyar hankali, sai zumunci, sai yabo, can ƙoli kuma cikar buri.

"Mama, me ban yi wa Doguwa ba?" ta ce da ni. "Albashinta bai taɓa latti ba. Hotonta na jikin bango, da tauraro a kai. Ita ce gwarzuwar wata. An koya mana idan ciki ya cika, yabo mutum yake nema."

Na ce mata ni ma na karanta dalar nan a jami'a tun kafin a haife ta, kuma tun lokacin nake tunanin wanda ya zana ta bai taɓa ganin uwa ta haƙura da abinci don ɗanta ya ƙoshi ba.

"Kin fara ko? To ki je ki tambayo mini ita, tunda ni ba ta ɗaga wayata."

Shagon bakin titi na fara zuwa, da wata tsohuwar riga wai a rage mini hannu. Na zauna ina gumi, ina duba fuskoki. Babu Doguwa. Da na ambace ta, mai shagon ya yi dariya.

"Ni? Ai ko gaisuwata da kyar take amsawa."

Daga nan na wuce ma'aikatar 'yata. Dogon teburin yana nan, amma babban kwandon da na sani a tsakiya, wanda kowa ke jefa rigar da aka gama a ciki, babu shi. Yanzu kowace mace da nata ƙaramin kwando a gefen ƙafarta, an ɗaura masa ƙyalle mai launi. Kuma kujeru biyu na gani babu kowa, ba ɗaya ba.

"Waccan ta ƙarshe fa, ta wa ce?" na tambayi mai guga.

"Ta Inna mai maɓalli."

"Ina ta shiga?"

"Ta ce ta gaji." Ta ci gaba da goge wuyan rigar da tuni ya kwanta.

Duk surutun layinmu, ko mutum ɗaya bai lura Inna ta daina zuwa ba.

A barandar gidan Doguwa na same su su biyu. Doguwa na taka wani tsohon keke mai kukan tsatsa, Inna na kan tabarma da riga a cinya, allura na rawa tsakanin yatsunta.

"Lale da uwar mai dala!" in ji Inna. "Kin zo auna mu ne, a ga hawa na nawa muke?"

"Ke ai kin wuce ƙoli, sai dai a ƙaro miki tsani."

Ta yi dariya, ta miƙe da kyar ta shiga ɗora shayi. Sai da ta ɓace Doguwa ta tsayar da keken.

"Goggo, kin ga hannunta?"

"Na gani."

"An daɗe yana haka. Da can duk wadda ta gama nata, sai ta jawo riga biyu daga gaban Inna ta sa maɓalli, ta jefa a babban kwando. Ba wanda ya tsara, ba wanda ya taɓa faɗa. Ita fa ta koya wa rabinmu zura zare."

"Da aka raba kwandunan kuma?"

"Da farko muna sako mata a ɓoye. Sai wannan ta daina, waccan ta daina. Kowa na son hotonsa a bango." Ta sunkuyar da kai. "Ni ma na so tauraron nan, Goggo, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai na daina waiwayawa."

Ranar da ake tafa wa gwarzuwar wata, in ji ta, 'yata ta zagaya tebur tana ɗaga kwandon kowa sama. Na Inna ko gindinsa bai rufe ba. 'Yata ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, Inna a ƙara himma. Daga nan aka tafa wa Doguwa.

"To ku koma mana," na ce. "Zan sa ta dawo da babban kwandon gobe-goben nan."

"A dawo da shi a rufe me? Goggo, ba 'yarki Anti kaɗai muka ɓoye wa ba. Ita kanta Inna ba ta san haka ta koma ba. Ranar ta sani."

Inna ta fito da shayi, kofunan na ƙara a kan faranti. Ba wadda ta miƙa hannu ta karɓe ta a cikinmu. Mun bar ta ta iso da kanta.

Da na koma, 'yata na tsaye a bakin ƙofa.

"Nawa mai shagon ya ba ta?"

"Ba wanda ya ɗauke ta," na ce. "Tana gida tana ɗinki, Inna na sa mata maɓalli. Shekara da shekaru matan suna yi wa Inna aikinta a cikin babban kwando, ba ta sani ba, ke ma ba ki sani ba. Da kika raba kwanduna ta gani. Ba za su dawo ba."