Igiyar Takalmi a Injin Odette

Duk wanda ya zo kallon Odette a garejinmu na ƙauyen Arnage, sai na ɗaga masa murfin inji ya ga igiyar takalmin nan. Kanikawan zamani sun sha cewa in bari su sa sabuwar waya. Na ce duk wanda ya taɓa ta, ni da shi ne.

Maigidana Baba Aristide ne ya ƙera motar da hannunsa, ya sa mata sunan matarsa da ta rasu; ni ne bakanikensa. Sau huɗu muna shigar da ita tseren awa ashirin da huɗu na Le Mans da ake yi duk watan Yuni, sau huɗu tana mutuwa a hanya. A karo na biyar ciwon huhu ya riga ya ci ƙarfinsa, kowa ya san ba zai ga wani Yuni ba. Ba kofi yake nema ba. So yake kawai ya ga Odette ta tsallake layin ƙarshe da ƙafarta, ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi.

Cikin direbobinmu biyu, wanda zai rufe tseren shi ne Lucien Vasseur, wani likitan haƙori. Ni kam ban ƙaunace shi ba. Tuƙi ya iya, ba ƙarya, amma bai san sifana daga cokali ba, ga hannu lumus kamar kwaɓin burodi. Kullum sai na tsokane shi: "Likita, a kula da hannun nan, kada mai ya ɓata shi."

Uku da kwata na yammacin Lahadin, Odette ba ta zagayo ba. Aka ce ta tsaya a kwanar dajin bayan ƙauyenmu. Baba Aristide ya sunkuyar da kai. Na fizgi keken wani ɗan kallo ko sallama babu, na yanki daji.

Na tarar da Likita tsaye, murfin inji a buɗe, yana leƙe kamar mai duba bakin majinyaci. Na ɗaga ƙafa zan haye shinge, sai alƙalin tseren da ke gadin kwanar ya tare ni da sandar tutarsa.

"Fernand, ka san doka. A kan hanya direba kaɗai ke taɓa mota. Ka sa ɗan yatsa, na fitar da ita."

Wayyo! Shekara tara ina kwance injin nan ina ɗaurawa, yau ga shi taku biyar a gabana an ce sai dai kallo. Na cusa hannuwana a aljihu don kada su ci amanata.

"Me ka gani, Likita?"

"Wata waya ce ta tsinke."

"Wace waya? Waya ɗaya ce a motar?"

"Ina taka totur, shiru."

"Madalla, wayar totur! Kana da igiya?"

"A ina zan samo igiya, Fernand?"

"A ƙafarka mana! Cire ta takalminka!"

Ya zare ta. Na ce ya zura hannu ƙarƙashin kafireta ya ƙulla bakin wayar da ɗan ƙarfen da take ja. Ya gwada, safar hannu ta hana shi. Wurin kuwa manne yake da bututun hayaƙi, ƙarfen da ya yi awa ashirin da uku yana cin wuta.

"Jira ya huce," na ce.

"Minti nawa?"

"Ashirin."

Ya dubi agogo, ya dube ni. Sai ya cire safar da haƙori.

Na ji ƙaurin fata daga inda nake. Na dinga cewa, "Hagu, Likita, hagu, ƙara ja." Ƙulli uku ya yi, irin nasu na ɗinkin dasashi, bai yi ko uhum ba. Ya shiga, ya murza, Odette ta amsa. Alƙalin da kansa ya jefa hularsa sama.

Mu ne na ƙarshe cikin waɗanda suka gama, kuma ban taɓa jin daɗin zama na ƙarshe irin na ranar ba. Ina isa layin ƙarshe a keke na tarar da Baba Aristide rungume da murfin motar yana kuka yana kiran sunan matarsa. Ya miƙa wa Likita hannu, ya ga yadda yatsun suka koma, sai ya kama fuskarsa ya sumbaci goshinsa. A watan Satumba muka binne shi.

Yatsu biyu na hannun daman Likita ba su sake lanƙwasuwa ba. Ya bar aikin haƙori, ya koma koyar da ɗalibai. Da na je ba shi haƙurin bakin da na yi ta yi masa, dariya ya yi.

"Ai kai ka ce in kula da hannun. Laifina ne, ban ji magana ba."

Ko igiyar takalmi bai ƙara iya ɗaurewa da kyau ba. Shekara talatin da ɗaya, duk Yuni in ya zo kallon tsere, garejinmu yake fara tsayawa, igiyoyinsa na jan ƙasa. Ni nake durƙusawa in ɗaure masa, kuma ban taɓa bari wani ya riga ni ba.