Askin Itacen Inna Gwamma

"Ajiye addar nan, Tahiru! Ajiye na ce!"

Muryar Inna Gwamma ce, ita da kwanan nan sai ka kai kunne bakinta kake jin abin da take faɗa. Na haura 'yar katangar da ta raba gidajenmu, na tarar ta rarrafo har bakin ƙofar ɗaki. Ɗanta Tahiru na tsaye tsakar gida, rassa zube a ƙafarsa. Ya riga ya sare rabin itacen.

Itacen bai fi ni tsawo sosai ba. Rassansa sirara ne, su ɗan hau sama sai su zubo ƙasa kamar gashin da aka tsefe, da 'ya'ya jajaye masu ƙamshin masoro. Wata Balarabiya da Inna ta daɗe tana yi wa wanki ce ta ba ta shi cikin gwangwani. Mu baƙi a unguwar Gataa El Oued, nan ƙasar Larabawa, ba ma dasa itace. Haya muke, kuma ko yaushe jandarma na iya kwasar mutane a kai iyaka. Ita dai ta dasa, da ruwan alwalarta ta raine shi.

Tahiru daga Damagaram ya zo, bayan likita ya ce a kai Inna gida, ba sauran magani. Ya samo mata wuri a motar Alhamis. Ta ce ba inda za ta sai an yi wa itacenta askin sanyi. Shi kuwa ya ɗauki adda ya yi masa irin na gida, yadda muke sare wa dabbobi gawo.

"Inna, aikin na rage miki, mu samu mu tafi."

"Akuya ka gani a gidan nan? Haka ubanka yake, Allah ya ji ƙansa, in ya ga kore sai tumaki su faɗo masa a rai." Ta juyo gare ni. "Zailani, fito mini da tabarma. Ɗauko almakashi bisa taga."

Muka kwantar da ita, muka tokare bayanta da matashi.

"Shiga ƙarƙashinsa, daga ciki ake farawa. Cire busasshe, da wanda ya hau kan ɗan'uwansa. A'a, ba wannan ba, makaho! Na kusa da kunnenka."

Na cire.

"Wanda ya taɓa ƙasa ka ɗage shi taki guda. Kar ka daidaita bakinsu, ba tsintsiya ba ce. Nemi idon reshen da ke kallon sama ka yanka bisa shi, in ya tsiro ya hau tukuna kafin ya sunkuyo."

Sai ta huta ta yi tari, sannan ta ci gaba. Tahiru ya tsuguna gefenta.

"Inna, motar fa Alhamis ce."

"Allah ya kai ta lafiya."

"So kike a binne ki a ƙasar mutane? Me zan ce wa dangi?"

"Ka ce musu ƙasar Allah ce. A ɗora ni bayan mota kamar buhun dabino, a yi ta jijjiga ni, in cika a Assamaka bakin iyaka a tona mini rairayi? A garin nan na tsufa. Jandarma ba su fitar da ni ba, sai kai da na goya?"

Ranar Alhamis da safe ban tafi wurin gini ba. Na ji mota ta tsaya, Tahiru ya leƙo ya yafuto ni. Inna na barci bisa katifa.

"Kama can in kama nan," ya ce a hankali. "In ta farka a hanya shi ke nan."

Ni ban iya musu da na gaba da ni ba. Na dubi katifar, na dubi ƙafafuna.

"Yaya Tahiru, ka yi haƙuri. Hannuna ba zai iya ba."

"Uwarka ce ko tawa?"

"Taka ce."

"To kama."

Ban kama ba. Direba na ta danna oda a waje. Sai muka ji ta ce, ido a rufe, "Ku gama shawararku ku fitar da ni rana, sanyi nake ji."

Tahiru ya daɗe tsaye. Daga baya ya fita, na ji motar ta tashi. Ya dawo ya kama gefensa, na kama nawa, muka kai ta tsakar gida.

Ba ta daɗe ba bayan haka. Ranar ƙarshe ta nuna wa Tahiru gefen da ya sare, ta ce, "Nan kar wanda ya sa masa hannu. Ku bar shi ya yi fushinsa ya gama." Ta cika bayan azahar, a nan waje.

Laure maƙwabciyarmu da wasu mata suka yi mata wanka, muka kai ta maƙabartar gari, can wajen duwatsu. Da muka dawo, mutane suka zazzauna ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Na shiga ɗauko buta, na tarar Laure ta fito da sauran ruwan ɗumin da ba a taɓa ba, za ta watsar. Tahiru ya karɓi tukunyar daga hannunta. Ya kai ta gindin itacen, ya tsoma yatsa, ya ji da sauran zafi. Sai ya zauna a ƙasa, tukunyar tsakanin ƙafafunsa, yana jira ya huce.