Cigiyar Taguwar Rissa

Ƙungiyar makiyaya ta Tanut tana da shafi a intanet inda ake cigiyar dabbobin da suka ɓata. Wanda ya rasa raƙumi ko sa yakan zo biro, wato ofishin ƙungiyar, da hoton dabbar a salula, Ramla sakatariya ta saka hoton, ta rubuta kamanni da inda aka yi mata ganin ƙarshe. Dillalan Tanut da na Belbeji sukan duba shafin kafin su ƙulla ciniki.

Abdulmajid, wanda ya gina shafin, a Damagaram yake zaune. Shi ya koya wa Ramla ta riƙa sauke kwafin duk bayanan shafin kowace Juma'a, ta adana a kile, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta. Tana yi ba fashi, har damina ta faɗi, rezo, wato sabis ɗin intanet, ya soma yankewa. In ta fara saukewa sai abin ya tsaya a rabi. Ta bari sai rezo ya daidaita.

Wata safiya ta buɗe shafin ta tarar da shi fari fat. Ta kira Abdulmajid. Ya bincika, ya ce injin kamfanin da ke riƙe musu shafin ne ya lalace, komai ya tafi.

"Kwafinki na ƙarshe na yaushe ne?"

"Tun kafin ruwan farko."

Ya ce, "To, aiko shi haka."

Kafin la'asar shafin ya dawo, amma duk cigiyar da aka kawo cikin damina babu ita. Abdulmajid ya gyara yadda shafin zai riƙa tura kwafin kansa wani wuri kullum, ko da rezo a Tanut ko babu. Ramla kuma ta ba da sanarwa a rediyo, masu dabbobi suka yi ta dawowa da hotunansu.

Rissa, wani dattijon Buzu daga Tenhya, ya zo hannu rabbana. Taguwarsa mai ciki ce ta ɓace, hoton kuwa yana salular ɗansa, ɗan ya tafi Libiya neman aiki.

"Baba Rissa, ba wani hoton?"

"Babu, 'yata. Amma fito ki gani."

Ya tsuguna a ƙofar biro, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana shaidar da aka yi wa taguwar da wuta a wuya: layi biyu a tsaye, da ɗigo a ƙarƙashinsu. Ramla ta ɗauki hoton zanen, ta saka shi a shafin, ta rubuta: fara, kunnen hagu a tsage.

Kira ya yi ta shigowa, domin shaidar ta danginsu ce gaba ɗaya, raƙuma da yawa na ɗauke da ita. Rissa ya je Belbeji ya ga wata, ta ɗan baffansa ce. Ya je wata rijiya a arewa, nan ma ba tasa ba.

Ana cikin girbin gero wani dillali mai suna Garba ya kira. Ya ga fara mai tsagaggen kunne tana bin garken wani Bafulatani kusa da Ollelewa. Rissa ya bi motar kasuwa ya je. Ita ce. Ta haihu a daji, ɗan raƙumin har ya yi ƙwarin tafiya. Bafulatanin ya ce tun tsakiyar damina ta shigo cikin shanunsa, bai kore ta ba. Rissa ya kwana a rugarsa, washegari ya kora taguwar da ɗanta gida a ƙasa.