Wa Ke Buɗe Mana Ƙofa?

Tun daga ƙauyen Curdworth hankalina ya ƙi kwanciya. Muna cikin siririn jirgin ruwan da ya zama gidanmu na tsufa, ni da mijina Wilf, kuma ban taɓa ganin hanyar Birmingham ta yi mana sauƙi haka ba. Duk ƙofar ruwan da muka isa, irin wadda ake shiga a cika ruwa ya ɗaga jirgi sama, sai mu tarar an zubar da ruwan, an wangale ta. Kowa ya san ba a samun haka sai in wani jirgi ya sauko yanzun nan. Mu kuwa ban da agwagi ba mu gamu da kowa ba.

Na ce, "Wilf, wa ke gabanmu?"

"Sa'a ce, Doreen."

"Sa'ar ce mai keke? Ga sawun taya nan a laka."

Ya hau gyaran hula. Wilf bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke tona shi, sai su yi ja. Wai haƙori za a cire masa a birni mu juyo, amma da safe da idona na ga yana tauna soyayyen naman alade da gefen da ke ciwon.

Tun faɗuwar da na yi a kan ƙofa bara, 'yarmu Glenda ta sa ni gaba in koma tudu. Na ce mata sai dai gawata. Yanzu ga wani ya ɗauke mini aikin ƙofa, aikin da nake nuna wa duniya da sauran ƙarfina. Tsoro ya kama ni sosai.

Gonaki suka ƙare, bangayen masana'antu suka rufe mu, ruwan ya koma baƙi. Na ƙi shiga ciki, na tsaya ina leƙen kowace gada.

A ƙofar ƙarshe na gan ta. Glenda ce, jiƙe da gumi, ƙarfen murɗa ƙofa a hannunta. Bayanta mota cike da kwalaye, ba komai a cikinsu.

"Mama, ɗakin da na samo muku a ƙasa yake, ba matakala. Kina hango ruwa ta taga."

Ban kula ta ba, na juya wajen Wilf.

"Gaya mata gobe za mu juya."

Ya kashe inji. Ya ajiye igiyar da muke ɗaurin kwana ɗaya da ita, ya jawo sarƙa da kwaɗo.

Ya ce, "Ba don ke ba ne, Doreen. Idona ne ya gaza, ba na ganin bakin gada."