Danna Ɗaya Idan Ka Ji

Terlumun, mai kula da kwamfutocin ofis, ya goge hotunan taron bara, ya goge na bara waccan, ya sake dubawa, sabar dai ta kafe a kan cewa cikinta ya cika. Saba ita ce baƙar kwamfutar da ke gurnani a kuryar ofishin, a wani bene da ke hanyar Shendam. Ita ke kiran wayoyin makiyaya ta karanta musu saƙon ƙungiyar lafiyar dabbobi, ta kuma naɗi abin da suka faɗa idan wata saniya ba ta jin daɗi. Muryar da take karantawa da ita kuwa ta Mairama ce, don ita kaɗai ce mai jin Fulatanci a ofishin.

Gobe za a yi allurar rigakafi a Awe, ga sabon saƙo Mairama ta naɗa tun safe, amma babu inda za a ajiye shi. Ta jawo kujera kusa da Terlumun tana kallo. Shi mutum ne da ke yi wa kwamfuta faɗa kamar akuyar da ta shiga gonarsa ta doya, kuma ya yi imani tana jinsa. Ya nuna mata cewa idan ya haɗa nauyin duk fayilolin da ido ke gani, ko rabin wurin ba su ci ba. Sauran rabin ya yi ɓatan dabo.

"Ruwa ba ya tsami banza, Madam Mairama," in ji shi da Hausarsa ta kasuwar Lafia. "Wannan saba, wani abu yana ci a bayan gida, ba ya so mu gani."

Ya daina neman fayil, ya koma neman ayyukan da ke gudana a ɓoye, waɗanda ba sa fitowa a allo. Ya bayyana mata cewa in ka goge fayil alhali wani aiki yana riƙe da shi, sunan ne kawai ke tafiya. Aikin zai ci gaba da zuba kaya a ciki, wurin yana cika, kai kuma ba ka ganin komai. Maganinsa a kashe sabar a kunna, amma tun da aka sa musu sola ba a taɓa kashe ta ba. Can ya buga tebur, ya ce ya kama ɓarawon: wani tsohon kira ne da aka goge tuntuni, yana nan yana buga lamba ɗaya tak dare da rana, yana naɗar duk abin da ya ji. Ya karanto lambar.

Mairama ba ta bari ya kai ƙarshe ba, ita ta ƙarasa masa.

Lambar ƙanenta ce, Babandi. Damina biyu ke nan da ya kora shanun gidansu ya yi kudu da su, har da karsanar da mahaifinsu ya ba Mairama ranar da ta tafi makaranta. Daga baya wani dillali ya kawo labari a kasuwar Agyaragu cewa ciwon huhu ya shiga garken ya share shi, yaron kuma yana can yana kiwon shanun wasu. Tun ranar Babandi ya daina ɗaukar wayar kowa na gida. Mairama ta kira har ta gaji. Innarsu kullum cewa take hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ai sai ka ga hannun tukuna. Wata rana da kewa ta ishi Mairama, ta naɗi saƙo nata na kanta ta ba sabar, ko zai ɗauki lambar ofis. Ta jira mako guda allon bai nuna an amsa ba, kunya ta kama ta, ta goge. A zatonta magana ta ƙare a nan.

Terlumun bai yi mata tsiya ba, abin da ba halinsa ba. Ya ce kawai da zarar ya tsayar da aikin wurin zai dawo, amma duk abin da ke ciki zai bi iska. Ya tambaye ta ko ya kwafo mata tukuna. Ta ce me za a kwafa, ai matar kamfanin waya ce ke ta cewa lambar ba ta shiga. Ya ce shi ma haka ya zata, sai dai wancan gajeren zance ba zai yi wannan nauyin ba. Ya kwafa a filashi, ya miƙa mata abin sawa a kunne, ya ce shi yunwa yake ji, ya sauka neman shinkafa. Mutumin da ya ci sakwara ɗazun nan a gabanta.

Da farko muryarta ta ji. Tana gaishe shi, tana cewa Inna lafiya, ta yi ɗan tari a tsakiya saboda murar da take yi a lokacin, ta ce shanu dukiya ce mai zuwa mai tafiya, ya dawo gida. Sannan jimlar da ake rufe kowane saƙo da ita: danna ɗaya idan ka ji. Sai matar kamfanin waya. Ta tsallaka gaba, matar dai. Ta sake tsallakawa, sai ta ji iska, da kukan maraƙi daga nesa, da numfashin mutum.

"Adda," in ji Babandi da Fulatanci, "na san ba ke ba ce, inji ne. Shi ya sa nake iya magana."

Ashe kusan kullum bayan la'asar yakan hau wani tudu inda ake samun sabis, ya jira. Yana ba ta labarin ruwan da aka yi, da ƙafarsa da ƙaya ta soke, da maigidansa mai rowar gishirin shanu. Wata rana ya ce karsanarta ce ta ƙarshen mutuwa, ya kwana biyu yana ɗura mata ruwa da hannu. Wata rana saurare kawai ya yi ya ajiye. A wani wurin har dariya ya yi, ya ce har yanzu murar nan ba ta sake ta ba? Mairama ta yi dariya ita ma, hawaye na zuba a kan madannan kwamfutar mutane. Ba ta taɓa jin kewar wani mahaluki kamar yadda ta ji tasa a wannan zaman ba, ga shi a cikin kunnenta, ga shi ba ta san ko a wace jiha yake ba.

Kusa da ƙarshe ya ce: "Kina ta cewa in danna ɗaya. Wani yaro ya ce in na danna, injin zai san na ji, ya daina kira. To ba zan danna ba."

Da Terlumun ya dawo ta faɗa masa a taƙaice. Ya sosa ƙeya. Ya ce ba yadda za a yi a bar aikin, makiyayan Awe na jiran saƙonsu, kuma ko an bar shi sabar ba ta da sauran wurin ɗaukar ko atishawa. Mairama ta san haka. Abin da ke cin ranta shi ne yau Babandi zai hau tudu ya jira, wayar ba za ta yi ƙara ba, ya ɗauka ko injin ma ya gaji da shi. In kuma ta kira da kanta ya gane mutum ne, zai iya katsewa, ya daina ɗaukar lambar ofis ɗin ma, shi ke nan ta rufe ƙofa ɗayar da ta rage.

Ta tambayi Terlumun ko zai iya haɗa wayar teburinta da layin da sabar ke kira da shi. Ya ce wannan ai shan ruwa ne. Ya rubuta ɗan gajeren umarni, ya dube ta, ta gyaɗa kai, ya danna. Nan take rabin wurin da ya ɓata ya dawo, saƙon Awe ya shige, ya fara tafiya.

Ta yi la'asar a bayan kabad, ta dawo ta zauna. Kira na farko bai shiga ba, na biyu ma haka. A na uku aka ɗauka, ta ji iskar tudun nan. Duk maganar da ta shirya ta gudu, sai ta tsinci bakinta yana karanto tsohon saƙon, kalma bayan kalma, da irin muryar da take yi wa inji. Ta gaishe shi, ta ce Inna lafiya, ta ce shanu dukiya ce mai zuwa mai tafiya. Da ta iso wurin danna ɗaya sai ta kasa faɗa.

Ta ƙura wa wayar ido tana jiran ƙarar katsewa. Maraƙin nan ya yi kuka daga nesa.

"Adda," in ji Babandi a hankali, "yau ba ki yi tarin ba."

"Na warke," ta ce. "Kada ka ajiye."

Bai ajiye ba.