Hoton da Balki Ta Hana a Gani

Ranar Lahadi, kasuwar Tawa na ci, wasu tsofaffi biyu suka shigo shagon hoton Zaliha da ke bayan tasha. Malam Ciɗo ne daga Bambeye da matarsa Balki. Ɗiyarsu Aminatou, mai aikin jinya a Yamai, ita ta dame su a waya: shekara arba'in da aure ba su da hoto ko ɗaya tare, ita kuwa tana son na ratayawa a ɗakinta.

Zaliha ta nuna musu benci. Malam ya zauna a wannan bakin, Balki ta koma wancan, har akuya biyu za su kwanta tsakaninsu.

"Inna, ki ɗan matso kusa da Baba."

"Nan ma ya isa, ɗiyata," in ji Balki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Zaliha ta waiwaya, ta ga masu kabu-kabu biyu a bakin ƙofa suna leƙe suna murmushi. Ta rufe ƙofar, ta saki labule. Da ƙyar aka samu hoto guda, kowa ya daskare kamar na katin ɗan ƙasa. Ta sunkuya tana gyara fitila, ta bar su.

Sai Balki ta kalli mijinta ta ce ƙasa-ƙasa, "Dubi hularka, kamar rumbun da iska ta kwashe ma kai."

Ta miƙa hannu ta daidaita masa ita, ta cire wani ƙaiƙayi daga gemunsa.

"Ran da munka haɗu bakin rijiya ma haka take," in ji Malam, "kuma ba ki ƙi ni ba."

Balki ta tuntsire da dariya har giɓinta ya bayyana, ta dafa kafaɗarsa. Hannun Zaliha ya riga tunaninta, ta danna na'urar ɗaukar hoto.

Ba ta ɓoye musu ba. Ta juya na'urar ta nuna musu. Balki ta daɗe tana kallo. Ita kuwa Zaliha, tun da ta fara sana'ar ba ta taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, har ta hango shi manne a gilashin shago.

"Inna, ki bar ni in sa shi a gaba, mutane su gani."

"A'a. Wanga ba na idon mutane ba ne. Ko Aminatou ba ta ganinai. Ki aika mata na farko."

"Wanda kuka zauna kamar ba ku san juna ba?"

"Haka ta san mu."

Balki ta sa aka wanke mata guda ɗaya, ƙarami, wanda bai fi tafin hannu ba. Sannan ta tsaya a kan Zaliha sai da ta goge shi daga na'urar. Zaliha ta ji zafin abin, amma ta goge, ta nuna mata babu.

Balki ta naɗe hoton a hankici, ta soke shi a ƙugu.

"To ni hwa?" in ji Malam Ciɗo. "Ai da ni a ciki."

"In kana son gani, ka zo ɗakina ka yi sallama."

Malam ya ɗauki sandarsa yana dariya, ya tambayi Zaliha inda ake sayar da kilishi mai laushi, wanda mai giɓi za ta iya ci.