Koriyar Moris ta Hedimasta

A shekarar da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin nan da aka ba ma'aikata a dunƙule, duk mai cin albashin gwamnati a Gombe sai da ya taɓa tasa haukar. Wasu sun sayi rediyo mai kaset, wasu babur, wani akawu a Jekadafari ma firiji ya sayo alhali ko wayar lantarki ba a ja zuwa layinsu ba. Malam Bernard, hedimastan firamare kuma dattijon coci a Tudun Wada, ya ce shi ba ya cikin masu rawar kai. Abu ɗaya kawai zai yi, zai sake wa motarsa fenti.

Motar Moris ce koriya, ya saye ta a hannun wani Bature mai aikin auduga shekara goma sha uku da suka wuce. Rana ta ci fentin, tsatsa ta fara leƙowa ta ƙasan ƙofofi, amma a wurin Malam Bernard ba ta da na biyu. Abin alfaharinsa shi ne tun da ya riƙe sitiyarinta ko kaza bai taɓa takawa ba. Kuma bai bar maganar a gida ba, har coci yake kai ta. "Ku dubi motata," yakan ce wa direbobi. "Ba laya, ba guru, addu'a kaɗai." Bara ma shi ya tsaya kai da fata sai da aka hana wasu direbobi biyu cin Jibin Ubangiji a coci na wata shida, don an ga laya rataye a madubin motocinsu. Yanzu ya riga ya shaida wa fasto cewa ranar godiyar kaka zai ajiye motar a ƙofar coci, fara fat, ya tashi ya ba da shaida a kanta.

Ya kai ta garejin Rufa'i mai fenti, wani Bakatsine gajere mai yawan dariya, wanda farcensa bai taɓa zama launi ɗaya ba. Rufa'i ya zagaya motar sau biyu yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana.

"Naira ɗari biyu da ashirin, Malam."

Malam Bernard ya ɗauka bai ji daidai ba. Shi da naira arba'in ya zo a ransa, har yana ganin ya yi wa mai fenti alheri.

"Fenti na ce, Rufa'i. Ban ce ka sayo mini wata ba."

"Ai fentin shi ne mai arha. Gwangwani huɗu, a fesa da safe, kafin la'asar an gama. Abin da ke cin kuɗi shi ne kafin a kai ga feshin." Ya fara lanƙwasa yatsu. Za a cire bamba da fitilu da gilasai da hannayen ƙofa. Za a kankare tsohon fenti da samfefa har a ga ƙarfe. Inda tsatsa ta ci, a yanke a yi walda. A shafa fila ta cike ramuka, a goge, a sake shafawa, a fesa fentin ƙasa mai ruwan toka, a goge da ruwa. Tunda kuma daga kore za a koma fari, dole a kwance cikin ƙofofi, in ba haka ba duk wanda ya buɗe zai ga tsohon launi yana gaishe shi.

"A bayan tasha an ce mini talatin."

"Je ka can, Malam. Tsintsiya za su sa su share ta, su fesa a kan tsatsar. Damina ɗaya ta fara ɓawo kamar dafaffen dankali. Araha ba ta ado."

Aka yi ta ja har aka tsaya a ɗari biyu. Malam Bernard ya koma gida a ƙafa yana jin kamar an zare masa haƙori ba allura.

Bayan kwana takwas ya leƙa ya ga inda aka kwana. Da ya shiga garejin sai ya wuce motarsa bai gane ta ba. Da aka nuna masa, ya dafe ƙirji. Ba gilashi, ba fitila, ramukan idanunta a buɗe, ƙofofinta huɗu an jingine su a bango, jikinta dabbare-dabbare, nan ƙarfe tsirara, can fila. Tausayinta ya kama shi, har ya ji kunyar yadda ake wucewa ana kallonta a haka.

"Kada ka damu, haka kowace take yi kafin ta yi kyau," in ji Rufa'i. Ya goge hannu a wando, ya buɗe wani gwangwanin madara da ke kan benci. "Yauwa, gara da ka zo. Kayanka na adana maka. Na san na ƙofar direba, amma waɗannan biyun na manta wanne ne na gaba, wanne ne na baya. Ka faɗa mini don in mayar da kowanne ɗakinsa."

Ya zazzage su a tafin hannun Malam Bernard. Laya biyu ne, ɗaya an ɗinke ta da jar fata, ɗaya da baƙa, sai wani ɗan ƙahon akuya da aka toshe bakinsa da danƙo.

Malam Bernard ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya lalubi wata tsohuwar taya ya zauna, bai ko kula da farin wandonsa ba.

"Daga ina... a ina ka samo waɗannan?"

"A cikin ƙofofi mana, bayan kwali, an ɗaure su da waya." Sai a lokacin Rufa'i ya dubi fuskar mutumin da kyau, dariyarsa ta ɗauke. "Af. Malam, wai ba ka sani ba?"

Ai shi Rufa'i bai ga abin magana ba. A sana'arsu, mota goma in aka kwance, bakwai sai an tarar da wani abu a ƙofa ko ƙarƙashin kujera, ta Alhaji ce ko ta ɗan mishan. Ƙa'idar kuma ɗaya ce tun daga wurin maigidansa da ya koya masa aiki: abin da ka tarar, ka mayar inda ka same shi, kada ka buɗe, kada ka kai zancen waje.

"Na Baturen ne," in ji Malam Bernard da sauri, kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe.

Rufa'i ya sosa ƙeya. "Wayar da aka ɗaure baƙar ko tsatsa ba ta yi ba, Malam. Ba ta fi shekara uku ba."

Malam Bernard ya zuba su a aljihu ya fita ba sallama. Duk hanya yana jin nauyinsu a cinyarsa, yana lissafa maƙiyansa. Direbobin nan biyu ne? Mataimakinsa da ke hangen kujerarsa? Ya shiga gida ya tarar da matarsa Edna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ya watsa kayan a kan tabarma a gabanta.

"Maman Juliana, dubi abin da aka yi mini! A cikin motata! Wani la'ananne ya..."

Edna ta dubi kayan, ba ta ko firgita ba. Ta sa yatsa ta ware jar layar gefe.

"Wannan tawa ce."

Da a ce rufin ɗaki ne ya faɗo masa, da ya fi sauƙi. Edna ce fa, shugabar zumuntar mata, wadda ba ta taɓa fashin addu'ar asuba ba.

"Goggo Adda ta bayan gidanmu ta karɓo mini, shekarar da ka sayi motar. Ƙahon na Mama ne, Allah ya ji ƙanta. Ranar da ka kai ta Biliri ka dawo da ita, ba ta ci tuwo ba, washegari ta sa aka kira mata makaniki. Baƙar kuwa ina jin ta Sa'idu masinjanku ce, tunda shi kake ɗauka duk ƙarshen wata ku je karɓo albashi. Ya taɓa tambayata yadda ake cire kwalin ƙofa."

"Uwata? Da ke? Saboda me?"

Edna ta ajiye faifan. Ta daɗe tana kallonsa, kallon tausayi, irin wanda ake yi wa mara lafiyar da bai san ciwonsa ba.

"Baban Juliana, ba ka iya tuƙi ba."

"Ni?"

"Kai. Ba ka duba madubi. In kana magana da mutum, shi kake kallo, ba hanya ba. Kwana kake sha ba ka rage gudu ba. Shekara uku ke nan da gwamnati ta ce a koma hannun dama, kai har yau in ka fito daga gida hagu kake fara bi sai ka tuna."

"Shekara goma sha uku ko kaza ban taka ba!"

"Kajin unguwar nan ma sun san ka."

Ya nemi ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Ya ce mata ta san abin da ta jawo masa kuwa? Shi da ya tsaya gaban jama'a ya sa aka hori mutane biyu a kan laya ɗaya ɗaya, ga shi da uku.

"Na sani. Na yi kuskure, na kuma roƙi Ubangiji gafara ba sau ɗaya ba. Tsoro ne ya sa ni, ina da cikin Juliana lokacin, ba na son in haifi marainiya. Ka ƙone su yau ɗin nan, ni zan ba ka ashana, ban ma yarda suna wani aiki ba. Amma don girman Allah kada ka mai da motar nan fara. Tun ranar da ka faɗa ban yi barcin kirki ba. Garin nan kaf an san koriyar Moris. Daga nesa ake hango ta a ba ka hanya. Yanzu ko'ina fararen motoci ne sababbi, in ka shiga cikinsu wa zai san kai ne?"

Malam Bernard ya kwashe kayan ya mayar aljihu, ya sake fita.

A bakin kwanar layinsu akwai Kadijatu mai ƙosai, wadda ta fi shekara goma tana suya a wurin. Bai taɓa tsayawa gabanta a ƙafa ba sai yau. Bayan sun gaisa ta ce, "Hedimasta, kwana biyu ba mu ga mota ba. Lafiya dai?"

"Tana wurin fenti." Ya rage murya. "Kadijatu, in tambaye ki, ki gaya mini tsakani da Allah. In na taho da mota, me kuke yi?"

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Da ta ga ba wasa a fuskarsa, sai ta nuna masa ƙasa da matsamin ƙosai. Murhu biyu ne a wurin, ɗaya a bakin hanya inda kaskon yake, ɗaya can ciki jikin katanga, duwatsunsa sun yi baƙi su ma.

"Bakwai saura kwata nake komawa wancan, in ka wuce in dawo. Da rana kuma ƙarfe biyu. Ba komai fa, Hedimasta, mun saba. Masu kekuna ma sauka suke yi. Direbobin tasha kuwa in sabon direba ya zo, kai ake fara nuna masa."

Ya tsaya yana kallon murhun nan na biyu. Shekara da shekaru mace tana ɗaga kasko da tafasasshen mai sau huɗu a rana saboda shi, kuma kullum in ya wuce sai ta ɗaga masa hannu, shi kuma yana ɗauka girmamawa ce. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Laifi tudu ne, ya taka nasa shekara goma sha uku yana hango na direbobi.

Daga nan bai nufi gareji kai tsaye ba. Ya biya gidan fasto, ya ajiye kayan nan uku a kan tebur, ya ce shaidar ranar godiyar kaka tana nan, amma ba wadda ya yi alkawari ba ce, kuma in wata shida aka ba direbobi, shi a lissafa masa nasa. Fasto ya cire tabarau ya mayar ya fi sau uku.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa wurin Rufa'i. An riga an fesa wa motar fentin ƙasa, tana tsaye toka-toka, ga gwangwanayen farin fenti huɗu a jere a kan benci ba a fasa ba.

"Malam, ka yi haƙuri da abin ɗazu, wallahi ban..."

"Bar shi. Waɗannan za su karɓa in an mayar?"

"Farin? Sai dai a rage wani abu. Me ya faru? Farin ai shi ake yayi."

"Mayar musu. Kore za ka sayo."

Rufa'i ya dube shi, ya dubi motar. Wato duk kwance ƙofofin nan da aka biya kuɗinsa ya tashi a banza ke nan. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga idon mutumin ya yi ja, ya haɗiye maganarsa.

"Irin na da sak?"

Malam Bernard ya ɗora hannu a kan motar, fentin ƙasan ya ɗan shafe masa tafi.

"A'a," ya ce a hankali. "Wanda ya fi na da haske. Yadda mai kasko za ta hango shi tun daga nesa."